Filin Wasanni: Ƙafa Ta Gaji, Kai Bai Gaji Ba

A ƙaramar hukumar Bader Gula, cikin gundumar Dakwaro, da zarar an ɗaure dammunan hatsi an rore wake, sai filin bayan lakwal ya cika da samari. Kowane gari da ƙungiyarsa, ko da ba ta da suna a takarda. A kafa itace biyu nan, biyu can, a ɗaura igiya a sama, shi ke nan an sami raga. Ƙwallo guda ce, in ƙaya ta huda ta sai a jira ranar kasuwa. Ƴan wasa kam ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai horo, wanda samari ke ce wa koci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Saurayi yakan yi shekara 10 yana buga wa garinsu, ya san ƙwallo ciki da bai. Ran da ya yi aure, ko gwiwa ta fara damunsa, sai ya ajiye takalmi. In ya sake leƙa fili, a ce babba da shi yana wasan yara. Sai ya tafi ci-rani, ko ya zauna a tashar mota. Duk abin da ya koya ya tafi da shi, yaran da ke tasowa su soma daga farko, kowa na bin ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba.

Don haka filin wasanni na wannan wata ya kawo labarin mutum biyu. Ɗaya Bafaranshe ne da ya ƙare wasansa a ƙananan ƙungiyoyi. Ɗaya ɗan ƙasar Nijar ne wanda duniya ba ta san sunansa ba sai da ya zama mai horo. A farkon shekarar 2012 aiki ya kai su fili guda a birnin Libarbil na ƙasar Gabon, kwana 20 tsakani, amma kowa da abin da ya tarar.

Bafaranshen sunansa Herbe Renar. An haife shi ran 30 ga watan Satumba 1968. Renar a Faransanci sunan wata dabba ce mai wayo, dangin dila da yanyawa, kuma sunan ya bi shi. Yana saurayi ya shiga makarantar ƙwallo ta ƙungiyar birnin Kan, yana tsaron baya. A wannan makaranta ce Zidan ya tashi, wanda Renar ya girma da shekara 4. Daga nan hanya ta rabu. Zidan ya yi sama, Renar ya gangara. A 1991 ya koma wata ƙaramar ƙungiya ta garin Baloris, ya yi shekara 6, sannan ya wuce Daraginyan. A 1998, shekarar da Zidan ya ci ƙwallo biyu da ka ya ba Faransa kofin duniya, a shekarar ce Renar ya daina wasa, ba wanda ya buga masa ganga.

Ƙwallon ƙananan ƙungiyoyi ba ta ciyar da iyali, ko a Turai. Renar ya kama aikin shara. Yakan tashi da tsakar dare ya share benaye, ya fitar da kwandunan shara kafin gari ya waye. Da maraice kuma ya je fili ya horar da ƴan Daraginyan, ƙungiyar da ya bari. Shekaru da dama ya yi a haka. Ƙungiyar ta hau rukuni na gaba fiye da sau ɗaya a hannunsa, sai labarinsa ya kai kunnen wani dattijo mai suna Kulod Lurwa, wanda ya ci wa Kamaru kofin Afirka a 1988.

Nan ne sa'arsa take, domin ya sami ubangida. Lurwa ya ɗauke shi mataimaki ya tafi da shi birnin Shanghai na ƙasar Sin. A 2004 ya kai shi Ingila, wata ƙungiya ta rukuni na huɗu a garin Kambirij. Ba a ƙare shekarar ba aka sallame shi. Ya komo gida ya riƙe ƙungiyar Sharbur ta rukuni na uku daga 2005 zuwa 2007. Da aka ba Lurwa ƙungiyar Gana, ya sake kiran yaronsa, ya sa shi kula da ƙarfin jikin ƴan wasa. Gana ta zo ta uku a gasar Afirka ta 2008. A shekarar nan ce ƙasar Zambiya ta ba Renar ƙungiyarta, yana gab da cika shekara 40. A lissafa a gani: shekara 10 ke nan cif daga ajiye takalmi, kuma a cikinsu akwai shara, akwai kora, akwai riƙe wa wani jaka.

Mai karatu zai tambaya, me ya sa wanda bai yi fice a fili ba yakan fi gwani iya koyarwa? Amsar tana wajen gwanin. Shi gwani ƙafarsa ce ke tunani. In aka ce ya bayyana yadda ya yanke mutum uku, sai ya rasa ta cewa, domin baiwa ce, bai koye ta da wahala ba. Amma wanda ba shi da gudu sosai, dole ya koyi inda zai tsaya kafin ƙwallo ta iso. Wanda ya sha zaman benci ya ga wasa daga waje, ya ga ramin da na ciki ba su gani ba. Ya kuma san zafin da ke zuciyar yaron da ba a sa shi ba, domin ya ɗanɗana. Arigo Saki na Italiya takalma yake sayarwa, bai taɓa buga ƙwallon albashi ba, amma ya ci wa ƙungiyar Milan kofin Turai a 1989 da 1990. Wannan ba ya nufin kowane gurgun ɗan wasa malami ne. Da yawa sun gwada sun kāsa. Sai wanda ya haɗa da haƙuri da son karatu.

To, a bar Renar a Zambiya, a dawo gida.

A 2009 aka damƙa wa Haruna Dula ƙungiyar ƙasa, watau Mena. A lokacin Nijar ba ta taɓa zuwa gasar kofin Afirka ba tun samun mulkin kai. Yawancin ƴan wasansa a gida suke bugawa, a ƙungiyoyin Yamai irin su ta sojoji da Sahel, sai ƙalilan a waje. Da ƴan gida zalla ya fara nuna hannunsa. A 2010 suka fitar da Nijeriya daga neman shiga gasar CHAN, wadda ake yi don masu wasa a ƙasashensu kaɗai. Suka je Sudan a 2011, suka kai zagayen ƴan takwas, masu masauki suka fitar da su da bugun fenariti.

Babban aikin kuwa shi ne neman shiga gasar 2012. Ƙuri'a ta haɗa Nijar da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar ce ke riƙe da kofin, ta ci shi sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Ran 10 ga watan Oktoba 2010, a filin Janar Seyni Kunce na Yamai, Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo guda a ragar Masar, aka tashi 1 da nema. Saliyo ta zo Yamai ta sha 3 da 1. Afirka ta Kudu ta zo ta sha 2 da 1. Duk wanda ya taka Yamai ya koma da kunya. Amma gaskiya ɗaya ce, a waje Mena ba ta taɓuka kome ba. Wasa uku ta yi a gidan mutane, ta faɗi duka uku, ko ƙwallo ɗaya ba ta ci ba.

Abin da ya faru ran wasan ƙarshe, 8 ga watan Oktoba 2011, ya kamata duk mai son zama koci ya riƙe shi da kyau. Masar ta ci Nijar 3 da nema. A daidai lokacin Afirka ta Kudu na wasa da Saliyo a gidanta. Mai horonsu, Pitso Mosimane, ya ji labarin abin da ke faruwa da Nijar, ya ɗauka kunnen doki ya ishe su, domin sun fi yawan rarar ƙwallaye. Suka ja wasa har aka tashi ba ci, suka shiga rawa a fili gaban jama'arsu. Ashe ba haka dokar gasar ta ce ba. Ƙasashe uku sun yi maki 9 kowace: Nijar, Afirka ta Kudu, Saliyo. Doka ta ce in haka ta faru, a ajiye wasannin Masar gefe, a duba abin da ukun suka yi tsakaninsu. Da aka duba, Nijar na da maki 6, sauran biyun 5 kowace. Masu rawa suka zauna gida, wadda aka ci 3 ta wuce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙasa mai kuɗi, wadda ta karɓi gasar kofin duniya a 2010, ta rasa gurbi saboda ba a karanta ƴan layuka a takarda ba.

A watan Disamba 2011, a birnin Akara, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓi Haruna Dula gwarzon mai horo na shekara a nahiyar baki ɗaya.

Wata guda bayan haka aka isa Libarbil. Kafin tafiya an ɗauko wani Bafaranshe, Rolan Kurbis, aka ce mai ba da shawara ne. Ran 23 ga watan Janairu 2012 Mena ta kara da Gabon mai masauki, fili cike da mutanensu. Gabon ta ci 2 da nema. Wasa ɗaya ke nan. Sai aka ture Dula gefe, ragama ta koma hannun mai ba da shawara. Tunisiya ta ci Nijar 2 da 1, Maroko ta ci 1 da nema, aka tattara kaya aka komo ba maki ko ɗaya. Abin da aka tsira da shi ƙwallon da Wiliyam Ngunu ya ci Tunisiya, wadda ita ce ta farko da Nijar ta taɓa ci a wannan gasa.

Ba wanda zai ce Dula ba shi da laifi a wasan Gabon. Raunin Mena a waje sananne ne tun kafin a tafi, kuma gyaransa aikin mai horo ne. Amma mutumin da ya yi shekara biyu yana gini, wanda Afirka duka ta yaba wa jiya-jiya, a ce minti 90 sun isa a yanke masa hukunci? Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Da sauyin ya kawo nasara da sai a yi shiru. Bai kawo ba.

Ran 12 ga watan Fabrairu, a wannan fili dai, Renar ya shigo da Zambiya wasan ƙarshe. Shi ma ba zama ɗaya ya yi ba. Ya bar Zambiya a 2010, ya leƙa Angola da Aljeriya, amma da ya komo a 2011 aka buɗe masa ƙofa. Shugaban hukumar ƙwallon Zambiya a lokacin shi ne Kalusha Bwalya, kuma Libarbil gari ne mai nauyi a zuciyarsa. A watan Afrilu 1993 jirgin saman da ke ɗauke da ƙungiyar Zambiya ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga wannan birni. Mutum 30 suka rasu, 18 ƴan wasa ne. Bwalya ya tsira domin ba ya cikin jirgin. Kafin wasan ƙarshe ƴan Zambiya suka je bakin tekun suka ajiye furanni. Abokan karawarsu su ne Kwaddibuwa, da su Durogba da Yaya Ture, manyan Turai. Durogba ya sami fenariti ya ɗaga ta sama. Aka tashi ba ci, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Zambiya ta ci 8 da 7. Wani ɗan bayansu, Musonda, ya ji ciwo tun farkon wasa, ba ya iya takawa. Renar ya sungume shi a hannu ya kai shi cikin ƴan uwansa ya yi murna tare da su. Wanda ya sha zaman benci ne ke tuna na benci a irin wannan lokaci.

Sauran labarin Renar a taƙaice yake. A 2015 ya sake cin kofin da Kwaddibuwa, ya zama na farko da ya ci shi da ƙasashe biyu. A gida Faransa kuwa bai ji daɗi ba: Sosho ta faɗa rukuni na biyu a hannunsa a 2014, Lil ta sallame shi a 2015. Ya kai Maroko gasar duniya ta 2018. Ran 22 ga watan Nuwamba 2022, a Katar, Saudiyya da yake horarwa ta ci Ajantina ta su Mesi 2 da 1.

Mutumin Bader Gula zai ce, ina ruwan mai jaki da jirgin sama? Da ruwansa. Abin da Renar ya fara da shi a Daraginyan bai fi abin da ke bayan lakwal ba: samari masu wata sana'a, da ɗan lokaci da maraice. Kuma jihar Maraɗi ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Ƙungiyar Jangwarzo ta Maraɗi ta zama zakarar ƙasa a 1983. A 2019 birnin Maraɗi da Yamai suka karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20. Sai dai daga Dakwaro zuwa Maraɗi ya fi kilomita 100, Bader Gula kuma tana gaba. Ba wani mai neman ƴan wasa da zai sha wannan rairayi don ya kalli yara na turmutsutsu. In an ji akwai ƙungiya mai tsari, za a zo.

A dubi kokawa mana. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara, ba a taɓa ganin ɗan kokawa ya shiga fili shi kaɗai ba. Kullum akwai tsohon ɗan kokawa a bayansa, yana gaya masa ƙafar da abokin karawa ke jingina a kai. Ba mai ce wa wannan dattijo yana wasan yara. Girmama shi ake yi. Ƙwallo ce kaɗai aka bari marainiya.

Aikin mai horo a ƙauye ba ya bukatar allo da na'ura. Da farko ya san lokaci. Da damina ba a kiran yaro fili a bar gona, uban da aka ɗauke wa ɗa ran noma ba zai sake barinsa ya taɓa ƙwallo ba. Da bazara ba a gudu sai rana ta yi sanyi, bayan la'asar, kuma a tashi kafin kiran magariba. Jarkar ruwa ta riga ƙwallo zuwa fili. A share ƙaya da ƙarangiya da fasassun kwalabe, domin yawancin yara ba takalmi. A raba ƙanana da manya, ɗan shekara 12 ba ya haɗa ƙafa da mai gemu. Wanda ya gurɗe ko ya bugu a ka, a fitar da shi, in abin ya yi tsanani a kai shi gidan likita, kada a ce ya daure. Littafi ɗaya da biro sun isa a rubuta sunan kowa da shekarunsa na gaskiya. Rage shekaru ya ɓata ƙungiyoyi da yawa a Afirka, kuma daga ƙauye ake fara shi.

Sai abu mafi wuya, wanda ya fi dabarun wasa: riƙe zuciya. Wasan gari da gari yakan tashi daga raha ya koma jifa, har manya su daina gaisawa a kasuwa. A yanki irin na Bader Gula, inda Bahaushe da Buzu da Bafillace ke shan rijiya ɗaya, ƙungiyar da ta haɗa ɗan manomi da ɗan makiyayi ta yi aikin da ya wuce cin kofi. Mai horon da ya zagi alƙalin wasa, yaransa duka za su zaga. Kafin kowace gasa kuma, ko ta rago ɗaya ce, ya nemi a karanta dokokinta gaban kowa, a san abin da za a yi in maki ya zo daidai. Mosimane na da mataimaka da ofis, bai tsira ba.

Wanda ya ga abin ya karɓe shi, akwai hanyar ƙaro ilimi. Takardun shaidar horarwa hawa-hawa ne, daga D zuwa C, zuwa B, zuwa A, kuma ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ake samunsu. Ƙofar farko ita ce reshenta na jihar Maraɗi. Mai takardar lakwal kuma yana iya neman makarantar matasa da wasanni ta Yamai, inda ake horar da malaman motsa jiki. Magajin gari da sarakuna da mushen lakwal suna da abin yi a nan. Kuɗin motar mutum ɗaya zuwa Maraɗi bai kai kuɗin rigunan da ƴan siyasa ke rabawa ba, riguna kuwa damina ɗaya suke yi.

Shi kuwa Haruna Dula, labarinsa bai ƙare a Libarbil ba. Bayan Kurbis an kawo Bajamushe Garnot Ror, wanda ya kai Mena gasar 2013, aka sami maki ɗaya. Aka kawo Faransuwa Zahuwi, mutumin da ke riƙe da Kwaddibuwa ran da Renar ya ci su. Aka kawo wasu Faransawa biyu. Daga gasar 2015 har ta 2025 Nijar ba ta sake zuwa ba. Dula bai yi fushi ya bar fili ba, ya koma wajen ƴan gida. Da tsohuwar zuma ake magani: a farkon 2023, a gasar CHAN ta Aljeriya, yaransa suka ci Kamaru 1 da nema, suka ci Gana 2 da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Aljeriya ta yi musu 5 da nema, Madagaska ta karɓe na uku, suka komo da matsayi na huɗu, inda Nijar ba ta taɓa kaiwa ba.

A ƙarshen shekarar aka sake miƙa masa babbar Mena na ɗan lokaci, don wasannin neman shiga gasar duniya ta 2026. Tanzaniya ta ci su 1 da nema. Ran 21 ga watan Nuwamba 2023, a birnin Marakesh na Maroko, suka ci Zambiya 2 da 1. Kafin wasa na gaba aka ɗauko Badu Zaki, tsohon mai tsaron gidan Maroko, aka ba shi ƙungiyar.